Iskandariyya: bakin tekun na kowa ne ko na mai kuɗin kujera?

Aminu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina karatu a Alƙahira, hutu ya matso, ina so in leƙa Iskandariyya amma lokacina kaɗan ne. An ce mini in ɗauki tasi ta kai ni ƙal'ar Ƙaitbai, tsohon ginin tsaro na bakin teku, daga nan babban ɗakin karatu, daga nan lambun Muntaza, shi ke nan na ga gari. Waɗanda suka san wurin, haka ne?

Ɗanlami: Wa alaikumus salam. In ka yi haka ƙeyar direba za ka gani, ba gari ba.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Aminu, wanda ya ba ka shawarar bai cuce ka ba, wuraren uku duk sun isa a je. Amma Iskandariyya da ƙafa ake saninta. Ka hau jirgin ƙasa, kada ka sauka a Sidi Gabir, ka bari sai tashar ƙarshe, tashar Misr. Kana fitowa Kom ed-Dikka na nan kusa: ɗan dandalin taro ne na zamanin Rumawa mai matakalan marmara, masana daga Poland suka tono shi tun shekarun 1960, daga baya suka gano jerin ɗakunan darasi a gefensa. Za ka lura sai ka gangara kafin ka isa gare shi, domin garin yau a kan na jiya yake zaune.

Daga nan ka bi titin Nabi Daniyal ka nufi teku. Ba ka yi nisa ba za ka iske inda ya gitta titin Fu'ad, wanda a takarda ake kira Hurriyya. To ka ɗan tsaya a nan. Iskandar na Makidoniya ne ya kafa garin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wanda ya zana masa shi, Dinokratis, ya shimfiɗa tituna miƙaƙƙu suna gitta juna, babban cikinsu ya tashi daga ƙofar gabas zuwa ta yamma, kuma titin Fu'ad a kan sawunsa yake. Fadoji sun rushe, an gina wasu sun rushe, mulki ya bar hannun Girkawa ya koma na Rumawa, Amru ɗan Asi ya shigo da Musulunci, amma shekara 2,300 da ɗoriya mutane layi ɗaya suke bi. A wurina wannan ya fi duk wani gini da za a nuna maka.

Aminu: Allah ya saka da alheri Malam. Wannan Iskandar ɗin shi ne Zulƙarnaini?

Mai kula da zaure: Aminu don Allah kada ka buɗe mana wannan ƙofa, ba za ta rufu ba yau. A tsaya kan gari.

Ustaz Nuhu: Malam Habu ya fara da Girkawa kamar yadda ya saba. Ni kuwa, ƙanina Aminu, cewa zan yi ka fara da unguwar Bahari, dandalin masallatai. A nan masallacin Abul Abbas al-Mursi yake, almajirin Shehu Abul Hasan Shazali, wanda aka haifa a Mursiya ta Andalus ya rasu a Iskandariyya a shekara ta 686 bayan Hijira. A gefensa akwai masallacin Yaƙutul Arshi da na Imam Busiri mai Burda. Daga dandalin tafiya kaɗan ce zuwa ƙal'a, ka ga ka haɗa biyu.

Zainab: Ustaz, ginin masallacin da muke gani yau fa ba tsohon ba ne. An fara shi a 1929 aka gama a tsakiyar shekarun 1940, kuma magina biyu 'yan Italiya ne suka zana shi, Valzania da Mario Rossi. Rossi ɗin ne ma ya zana masallacin Ƙa'id Ibrahim da ke kusa da tashar Raml ta taragon cikin gari.

Ustaz Nuhu: Na sani 'yata. Wanda ke kwance a ciki shi ake zuwa wa ziyara, ba mai zanen ba. Amma aikin ya yi kyau, wannan ba gardama.

Malam Habu: Tunda an zo Bahari bari in ƙara abu ɗaya. Ƙasar da unguwar ke kai ba ta nan a zamanin Iskandar. Faros, inda ƙal'ar take yanzu, tsibiri ne a lokacin, aka yi masa doguwar gada ta cikon ƙasa mai tsawon kimanin mita 1,200 ta haɗa shi da gari, ta raba tashar jiragen ruwa biyu, gabas da yamma. Laka da rairayi suka yi ta taruwa a jikinta ƙarni bayan ƙarni har ta zama faffadan wuya, mutane suka yi gidaje a kai. Shi ya sa lungunan wajen ƙunci gare su da karkace-karkace, ba irin na tsakiyar gari ba. Ƙal'ar kuma Sarki Ƙaitbai ne ya fara ta a 1477 a kan kufan tsohuwar hasumiyar fitila mai haska wa jiragen ruwa hanya, da ta haura mita 100, wadda girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 suka gama da ita. Ibn Baɗɗuɗa ya gan ta a 1326 gefe ɗaya ya zube, da ya dawo a 1349 ko ƙofarta ba a iya kaiwa.

Hajiya Rabi: Sannunku da tarihi. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Na zauna a garin nan yarana suna ƙanana. Da yamma sai mu fita mu zauna a kan katangar Kornish, wato babban titin da ke bin bakin teku, ga masu kamun kifi da ƙugiya, ga tsofaffi, ga ɗalibai, ba mai tambayar wani me ya kawo shi. Da na koma sai na tarar a wurare da dama, musamman in ka wuce Sidi Gabir ka nufi gabas, an jera gidajen shayi da kulob-kulob tsakanin titi da ruwa, wasu har da shinge. Kana cikin mota kana jin ƙamshin teku amma ba ka ganinsa. Mun tsaya wani wuri jikata na son ta leƙa ruwa, wani yaro ma'aikacin wurin ya ce sai dai mu zauna mu sayi wani abu. Ban ga laifinsa ba, aika shi aka yi. Amma Aminu ɗana, ka je da sanin cewa amaryar Bahar Rum da ake yi wa kirari an sa mata lulluɓi, sai ka biya a buɗe maka.

Injiniya Kabiru: Hajiya, da girmamawa, kina kallon gefe ɗaya ne. Ki dubi taswirar garin. Doguwa ce siririya, teku a arewa, tafkin Maryut a kudu, mutane sama da miliyan 5 a tsakani, da bazara kuma jama'ar Alƙahira da ƙauyukan Delta su kwararo su ƙaru a kai. Hanyoyin da ke ratsa ta daga gabas zuwa yamma ba su da yawa: Kornish, hanyar Abu Ƙir, layin tarago. Kornish ɗin da aka gama a 1934 don garin wancan lokaci aka yi shi. Da gwamna Abdussalam Mahjub bai faɗaɗa shi ba, da ba a yi gadar Stanley a 2001 ba, yau ba mai motsi. Gyaran gaɓa kuɗi yake ci, haya da ake karɓa daga wuraren da kike kuka da su wani ɓangare ne na abin da ke shigowa. Idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza.

Hajiya Rabi: Injiniya ni ban ce kada a yi titi ba. Na ce a bar wa talaka inda zai tsaya.

Zainab: Yallaɓai Injiniya, bari in ɗan ja da kai. Tsawon Kornish daga ƙal'a zuwa Muntaza ya haura kilomita 15. Da wurin yawo ne da motoci ke bi ta gefe, yanzu babbar hanya ce da mai ƙafa ke tsoro. Tsohuwa da ke zaune a unguwar Kilobatra ko Sidi Bishir, teku na ƙofar gidanta, amma sai ta nemi hanyar ƙarƙashin ƙasa, ta gangara matakala ta hau matakala, kafin ta taɓa katanga. Kuma kai ka fi ni sani, duk titin da aka ƙara wa faɗi cikin gari motoci ne ke zuwa su cike shi. Garin da ya fara tarago tun 1863, da dawaki suke jansa kafin tururi kafin lantarki, ba shi ne za a koya wa yadda ake ɗaukar jama'a da yawa a ƙaramin fili ba. An bar layin ya tsufa shekara da shekaru, aka zuba kuɗin a kwalta.

Wani abin kuma. Marubutan dā sun faɗi cewa an shimfiɗa titunan garin ne yadda iskar arewa da ke tasowa daga teku za ta ratsa su lokacin zafi. Yanzu a gabashin gari dogayen benaye sun jeru a sahun farko, wanda ke bayansu ba iska ba rana.

Injiniya Kabiru: Batun tarago na yarda da ke rabi, kuma akwai shirin sabunta layin Raml. Aminu ma in yana son hawa ya tambaya kafin ya sa rai. Batun benaye kuwa, mutane ne ke neman wurin kwana. A ina za ki sa su, cikin tafki?

Ɗanlami: Ni dai na lura duk wanda ke yabon faɗaɗa Kornish yana da mota.

Injiniya Kabiru: Duk mai kukan tsohon Kornish kuma bai taɓa makalewa a cikinsa a watan Agusta ba.

Zainab: Ba neman wurin kwana ba ne kaɗai, Yallaɓai. Akwai doka mai lamba 144 ta 2006 da ta hana rushe gine-ginen tarihi, kuma a 2007 aka yi wa garin jerin da ya ƙunshi gine-gine sama da 1,000. Amma mai gida ya je kotu a cire gidansa daga jerin, ko ya bar shi ruwa ya ci har a ce haɗari ne. Gidan Aghion, wanda Auguste Perret na Faransa ya zana, haka aka sa masa katafila a 2014. Abin da ke tashi a madadinsu ba gidan talaka ba ne.

Injiniya Kabiru: To ki faɗi ɗayan rabin. Tsohuwar dokar haya ta Masar ta daskarar da kuɗin haya shekaru masu yawa, har ya zama abin da mai gida ke karɓa a wata ba ya gyara famfo ɗaya. Ka hana shi rushewa, ka hana shi ƙarin haya, ba ka ba shi taimakon gyara ba, sannan ka yi mamaki ya ƙi son gidan. Ruwa ba ya tsami banza.

Zainab: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai hujja ce a kan a taimaki mai gida, ba a kan a ba shi katafila ba.

Aminu: Ni fa na ɓace. Lambunan kuma, akwai wanda ya kamata in je?

Hajiya Rabi: Muntaza ya fi kowanne girma da suna, a can ƙarshen gabas, dabino da itatuwa har bakin ruwa. Ana biya a ƙofa, wasu sassan bakin ruwan kuma da nasu kuɗin daban. In kana son natsuwa ka je lambun Antoniyadis a wajen Samuha, kusa da lambun Nuzha, akwai tsofaffin itatuwa da gumakan marmara a jere. Shallalat kuma a tsakiyar gari yake, a bakin titin Hurriyya, ba sai ka nemi mota ba.

Malam Habu: Hajiya ta ba ka jerin, bari in ba ka asalinsu, domin ya shafi gardamar da ake yi. Muntaza ba don jama'a aka yi shi ba. Mai mulkin Masar Hidiwi Abbas Hilmi na biyu ya gina fadar Salamlik a 1892 wurin hutunsa, Sarki Fu'ad ya ƙara babbar fadar Haramlik a 1932, sai bayan juyin mulkin 1952 aka buɗe wa mutane ƙofa. Antoniyadis gidan wani attajiri Bagirke ne, John Antoniyadis, ɗansa ya ba wa majalisar gari kyauta a 1918. Shallalat ne majalisar gari ta shimfiɗa da kanta a kan kufan tsohuwar ganuwa, har yau ragowar hasumiyoyin na tsaye cikin ciyawa. Wato wuraren hutun garin nan yawancinsu daga hannun sarki ko attajiri suka gangaro zuwa hannun jama'a. Abin da Hajiya ke gani a Kornish tafiyar ce ta juya baya.

Injiniya Kabiru: Malam ka iya magana, amma ka je Shallalat ka ga yadda lambun da ba a biya yake kasancewa in ba mai kula.

Hajiya Rabi: Rashin kula laifin mai kula ne, ba na mai shiga ba.

Ustaz Nuhu: A nan ina bayan Hajiya. Malamanmu sun yi magana a kan haƙƙin hanya da abin da jama'a suka yi tarayya a cikinsa, kuma malaman Masar na dā sun yi fatawa a kan hana gini a gaɓar Nilu don kada a tare wa mutane ruwa. Ba sabuwar matsala ba ce.

Ɗanlami: Tambaya daga bayan aji. Dogon ginshiƙin nan da ake sa wa a hotuna, na Pompey, shi ne ya gina shi?

Malam Habu: Ko kusa. Don Sarkin Rumawa Diyokiletiyan aka kafa shi wajen shekara ta 300, ƙarni uku da rabi bayan mutuwar Pompey, jagoran yaƙin Rumawa. Dutse ɗaya ne na jan dutsen Aswan, da gindinsa da kansa kusan mita 27. Mutanen gari Amudus Sawari suke ce masa, a unguwar Karmuz yake, a filin haikalin Serapis da aka rushe a 391. Kusa da shi akwai kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom esh-Shuƙafa da aka gano a 1900. Wasu dogayen duwatsu biyu da suka tsaya kusa da inda tashar Raml take yanzu kuwa ba ka same su ba, ɗaya na Landan tun 1878, ɗaya na New York tun 1881.

Zainab: Aminu in ka bi Nabi Daniyal ka duba rumfunan masu sayar da tsofaffin littattafai. A titin nan ɗaya akwai masallacin Nabi Daniyal da wurin ibadar Yahudawa na Eliyahu Hanabi da aka gyara aka buɗe a 2020, babbar majami'ar Kibɗawa ta Markus kuma na nan dab da shi. Gidan tarihin Girkawa da Rumawa da aka rufe a 2005 shi ma an sake buɗe shi a 2023. Babban ɗakin karatun na 2002 ka shiga ciki, kada ka tsaya ɗaukar hoto a waje kawai, zauren karatun hawa-hawa yake yana gangarowa ƙarƙashin rufi ɗaya da ya karkata wajen teku.

Injiniya Kabiru: Akwai wanda ba a sa a lissafi ba a duk gardamar nan, shi ne tekun kansa. Ku da kuke zuwa da bazara ba ku san shi ba. Da hunturu akwai guguwar da mutanen gari ke kira nawwa, kowacce da sunanta da lokacinta, Maknasa a Nuwamba, Ƙasim a Disamba, haka har Maris. Igiyar ruwa kan tsallake katanga ta faɗo kan kwalta. A Oktoban 2015 ruwan sama ya cika tituna, mutane suka rasu, gwamna ya yi murabus. Tubalan kankaren da aka zuba a gaɓa da kewayen ƙal'a, waɗanda ake cewa sun ɓata kyan wuri, su ne ke riƙe da titin. Unguwar fadojin sarakunan dā tana ina? Tana ƙarƙashin ruwan tashar gabas, masu ninƙaya ne suka gano ta a shekarun 1990.

Malam Habu: Gaskiya ne, kuma a 21 ga Yulin 365 igiyar da ta biyo bayan girgizar ƙasa ta jefa jiragen ruwa har kan rufin gidaje, haka marubutan lokacin suka ce.

Hajiya Rabi: To Injiniya, in kuɗin kowa ne ke sayen kankaren da ke tare ruwa, don me kallon ruwan zai zama na wasu? Ni ban san lissafi ba amma wannan ya tsaya mini. Alhamdu lillahi dai har yanzu daga Raml zuwa ƙal'a, inda gaɓar ta lanƙwashe kamar baka, mutum na iya zama kan katanga ya ga jiragen masunta ba wanda zai ce masa tashi. A dandalin Manshiyya ma haka, ga gunkin Muhammad Ali Basha, tsohon mai mulkin Masar, a kan doki, wurin da aka harbi Jamal Abdunnasir aka kuskure a 1954, inda kuma ya yi jawabin karɓe mashigin Suwez a 1956.

Zainab: Tunda an ambaci Muhammad Ali, mu tuna abin da ya tashi garin daga barci. Lokacin da Napoleon ya sauka a 1798 mutanen Iskandariyya 'yan dubbai ne kawai. Magudanar Mahmudiyya da aka gama a 1820 ita ta kawo ruwan Nilu da jiragen kaya, auduga ta biyo, attajirai suka biyo auduga, su ne suka gina gidaje da lambuna a bakinta. A 'yan shekarun nan an rufe sashinta na cikin gari an shimfiɗa babbar hanya a kai.

Injiniya Kabiru: Kin gan ta kafin a rufe? Juji ce. Shara, mushe, sauro. Hanyar da aka yi a kanta ita ce ta huɗu da ke ratsa garin, kuma duk motar da ta bi ta can an rage wa Kornish ɗinki ɗaya.

Hajiya Rabi: Warinta kam na shaida, ba a iya buɗe taga a wasu wuraren.

Zainab: Na yarda ta ƙazantu. Amma Seoul ta rufe rafinta da titi, daga baya ta fasa titin ta buɗe rafin a 2005, yau wurin yawo ne a tsakiyar birni. Magudanar da ta ƙazantu ana iya yashe ta.

Injiniya Kabiru: Ana iya wa, in akwai kuɗin Seoul da jirgin ƙarƙashin ƙasa irin na Seoul da zai ɗauki mutanen da titin ke ɗauka. A bari layin jirgin ƙasa na Abu Ƙir da ake mayarwa na zamani ya fara aiki tukuna, a ga yawan motocin da zai rage, sannan ki zo mu yi maganar wane titi za a fasa.